Daga Unguwar Motoci Zuwa Ɗakin Ganguna: Yawon Gidajen Dafa Giya a Beljiyam

Duk wanda ya taɓa cinikin mota ta hannu a Kano ko Jos ko Maraɗi ya san sunan Beljiyam, ko da bai taɓa neman ƙasar a taswira ba. Da yawa daga cikin motocin nan daga unguwa guda suke tasowa a birnin Burasels, wajen titin Heyvaert, kusa da hanyar ruwan da ta ratsa garin. Gareji na bin gareji, a ɗora motoci a tirela a kai su tashar jiragen ruwa ta Antuwap, daga can sai Kwatano ko Lome. In ka tsaya a bakin titin ɗan lokaci kaɗan za ka ji Larabcin 'yan Labanan, ka ji Faransanci, ka ji Zabarmanci, ka kuma ji ana ciniki da Hausa tsantsa. A nan na sami masauki wurin wani Alhaji ɗan Maraɗi, wanda abokin aikina ya haɗa ni da shi lokacin da na je kwas kan sarrafa hatsi da adana abinci a garin Gent.

Da na gaya masa abin da ya kawo ni Burasels ran Asabar ɗin, bai ɓata rai ba. Ya ce, "Malam, ni ka san ba na sha, ba na kuma shiga. Amma baƙo ba ya ɓata a hannuna. Zan raka ka har bakin ƙofa, in ka gama ka same ni a gareji, abincin rana na jiranka." Na ce, "Alhaji, na gode, Allah ya saka da alheri." Haka muka taka da ƙafa cikin sanyin ƙarshen Nuwamba, tafiyar da ba ta wuce minti goma sha biyar ba, ya nuna mini ƙofa ya juya.

Na san yawancin masu karanta wannan labari matsayinsu ɗaya da na Alhaji, kuma ina girmama hakan. A cikinmu Kiristocin Arewa ma akwai ɗarikun da ba su yarda da shan giya ba sam. Ni ɗan Katolika ne daga Filato, a hannun gwaggona na tashi, kuma da kuɗin burkutun da take dafawa aka biya mini makaranta tun daga firamare. Ba gayyatar kowa sha nake yi ba. Sana'a na je gani, sana'ar da ta yi mini riga da wando, in ga yadda wasu mutane suke riƙon irinta a ƙasarsu.

Beljiyam ba ta kai yawancin jihohinmu na Arewa faɗi ba, amma tana da gidajen dafa giya wajen 400, kuma lokacin da hukumar UNESCO ta sa al'adar giyarsu cikin kayan gadon duniya a 2016, an ƙiyasta ire-irenta sun kai kusan 1,500. Ba mahalukin da zai ɗanɗana wannan duka, wanda ya gwada ma lafiyarsa zai taɓa. Dole mutum ya zaɓa, kuma yadda ake zaɓen shi ne abin da na yi ta koyo a tafiyar nan.

Gidan da Alhaji ya raka ni shi ne Cantillon, lamba 56 a titin Gheude, unguwar Anderlecht. Ƙofar sito ce kawai, in ba a nuna maka ba sai ka wuce. Da na tura ta, abin da ya fara tarbata wari ne: danshi, tsohon katako, da tsami-tsamin abin da ya daɗe yana tsimuwa. Tun idona bai saba da duhun wurin ba hancina ya gane shi, domin haka bayan ɗakin gwaggona yake ran jajibirin kasuwa.

Paul Cantillon ne ya kafa gidan a 1900, lokacin da gidajen dafa giya suka fi ɗari a cikin Burasels. Har yau zuriyarsa ce ke riƙe da shi, Jean Van Roy ne mai dahuwa yanzu. Bayan yaƙin duniya na biyu bakin mutane ya koma kan giyar kamfani mai zaƙi da lemon kwalba, gidaje irin wannan suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama shekaru da yawa shi kaɗai ya rage a cikin birnin yana yin giyar da suke kira lambik ta tsohuwar hanya. A 1978 mahaifin Jean, wato Jean-Pierre Van Roy, ya buɗe gidan ga baƙi a matsayin gidan tarihi don kuɗin shiga ya taimaka a ci gaba da aiki. Ka biya kuɗi kaɗan, a ba ka 'yar takarda mai bayani, ka zagaya da kanka a tsakanin injunan da wasunsu sun haura shekara ɗari kuma har gobe da su ake aiki.

Hatsi iri biyu suke haɗawa: kashi 65 cikin 100 tsiron sha'ir, kashi 35 ɗanyar alkama. Sukan sa furen hof, ganyen nan da ke ba giyar kwalba ɗaci, amma nasu sai ya shekara biyu ko uku a ajiye, ɗacin ya gudu, ya bar ƙarfinsa na hana abu lalacewa. Wurin kwaɓa hatsin na daɗe a tsaye ina karanta takardar ina maimaitawa. Sukan kwaɓa garin da kauri, su ɗebe wani ruwa fari mai gurɓi daga ciki, su dafa shi daban, sai daga baya su mayar. Gwaggona ma tana raba ruwa da tsaki, amma nata akasin nasu ne. Takan bar kwaɓin ya kwanta, ta tsiyaye ruwan sama ta ajiye shi gefe ba tare da ya ga wuta ba, ta dafa mai kaurin har ya nuna, sannan ta haɗe su. Sai da na yi karatu na san dalili: sitacin dawa ba ya dahuwa sai wuta ta kai zafin da zai kashe sinadaran tsiro masu mayar da sitaci sukari, don haka take ɓoye su a ruwan sanyi har sai an gama da wuta. Su kuwa mutanen lambik da gangan suke kashe sinadaran a ruwan da suka ɗebe, don wani sitaci ya rage wanda ƙwayoyin tsimi za su yi shekaru suna ci a hankali. Ita giyar kwana biyu take nema, su ta shekara uku, kowa ya juya dabarar ta fuskanci buƙatarsa. Gwaggo ba ta taɓa shiga aji ba, daga uwarta ta gada.

Daga nan sai matakala ta katako mai tsauri zuwa can ƙoli, ƙarƙashin rufi. A nan ne zuciyar gidan take: wani makeken kasko na jan ƙarfe, mai faɗi marar zurfi, ya kusa cika ɗakin. Bayan an tafasa ruwan tsiron sa'o'i uku zuwa huɗu, nan ake turo shi da zafinsa, dubban litoci, a buɗe tagogin jikin rufin, a bar shi ya kwana a buɗe. Ba a zuba masa yis ko ƙanƙani. Iskar dare ce ke sanyaya shi, ita da katakon ginin da gangunan su ne ke ba shi ƙwayoyin da za su tsima shi. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin ma sunan garin masana suka sa mata, Brettanomyces bruxellensis. Shi ya sa ba sa dahuwa sai da sanyi, daga wajen ƙarshen Oktoba zuwa Afrilu, domin in dare ya yi ɗumi ƙwayoyin da ba a so ne ke rinjaye. Ɗumamar yanayi ta riga ta fara cin lokacin dahuwar tasu. A kakar 2015 sai da suka zubar da dahuwa sukutum saboda dare ya ƙi yin sanyi. Na tsaya a gaban kaskon, an wanke shi tas yana ƙyalli, ina tunanin irin ƙarfin halin da mutum ke buƙata kafin ya miƙa jarinsa ga iskar dare ya je ya kwanta.

Ƙasa kuma ɗakunan ganguna ne, jere bisa jere, yawancinsu tsofaffin gangunan ruwan inabi, an rubuta wa kowace alama da alli. Sababbin zubi suna ta amayar da kumfa ta baki, tana gangarowa gefe, ba mai toshe su sai sun lafa. Tsofaffin kuwa shiru. Wata za ta shekara, wata biyu, wata uku, tsami na shiga, zaƙi na ƙarewa, wani kaso na tsanewa ta jikin katako. Saƙar gizo-gizo ta cika kusurwoyi, kuma da saninsu suka bar ta: ba sa fesa maganin ƙwari a inda ƙwayoyin tsimi ke zaune, gizo-gizon ne ke kama ƙudajen da 'ya'yan itace ke jawowa da bazara. A jikin bango akwai wani allo da Faransanci, ma'anarsa lokaci ba ya ganin girman abin da aka yi ba da shi ba.

Kuɗin shiga ya haɗa da ɗanɗano. Kofin farko ba a tambayarka, daga tulun ƙasa ake zuba maka lambik yadda ta fito daga ganga, ba kumfa, ba gas, ruwan zinariya mai ɗan gurɓi. Wasu baƙi a teburin kusa da ni suka kurɓa suka yamutsa fuska suka ture. Ni kuwa da ta sauka a harshena, tsami ne mai tsabta, da ɗan bauri a ƙarshe, da gardin alkama can ƙasa. Bakin da ya saba da burkutu ba sai an yi masa bayani ba.

Kofi na biyu ne ake ba ka zaɓi: ko geuze, ko kriek mai 'ya'yan ceri, ko Rosé de Gambrinus mai rasberi. Idona na kan kriek ɗin, domin ja wur take, kuma na karanta cewa wajen giram 200 na ceri suke zubawa a kowace lita. Amma da ɗan gari akan ci gari. Na ce wa mai zubawar, "Yallaɓai, in mutum ɗaya kawai zai sha a gidan nan, wacce za ka ba shi?" Bai yi dogon tunani ba ya ɗauko geuze. Ya ce ɗan itace yakan rufe abubuwa da yawa, amma a geuze ba inda mai dahuwa zai ɓuya. Lambik 'yar shekara ɗaya da 'yar biyu da 'yar uku ake gaurayawa, bayan an bi ganguna ana ɗanɗana kowace, sai a ɗura a kwalba a kwantar da ita. Sauran sukarin da ke cikin ƙaramar shi ke sake tashi a cikin kwalbar ya ba ta gas, tsohuwar kuma ta ba da ƙanshi da zurfi. Ƙarfinta bai wuce kashi 5 zuwa 6 cikin 100 ba, amma na fi rabin sa'a a kan kofin nan, don duk kurɓa da abin da take fitowa da shi yayin da sanyinta ke raguwa.

A kan bencin nan raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Ga mutane daga Amurka da Japan da Italiya sun biya kuɗin jirgi don su ga giya mai tsami wadda aka dafa ba da yis na kanti ba. A garinmu kuwa matar da ta san ranar da tsiro ya kai, ta san zafin ruwa da bayan hannunta, ta san daren da kwaɓi ya yi tsamin da ya dace, ta kuma san yawan abin da za ta rage a gindin randa don ya ta da dahuwa ta gaba, ba wanda ke kallonta a matsayin gwana. Ɗanta in ya yi boko kunyar faɗin sana'arta yake ji. Kuma ba mu kaɗai ba ne: pito a arewacin Gana, dolo a Burkina Faso, bilbil a arewacin Kamaru da Cadi, marisa a Sudan, duk 'yan ɗaki ɗaya ne, duk kuma a hannun mata suke. Akwai gyara a wurinmu, na sani sarai, domin aikina ke nan. Ruwan da ake amfani da shi ba kullum yake da tsabta ba, wasu sun bar tukunyar ƙasa sun koma dafawa a tsohon duro mai tsatsa, ƙoƙo ɗaya kuma yakan zaga bakuna da yawa kafin ya ga ruwan wanki. Waɗannan duk abubuwa ne da ake iya gyarawa ba tare da an raina ilimin da ke ƙarƙashinsu ba.

Na koma gareji na tarar Alhaji ya sa an kawo shinkafa da miya da naman rago daga wajen kasuwar mahauta ta Anderlecht. Ya tambaye ni abin da na gani, na kwashe labarin kasko da iskar dare na ba shi. Ya ce shekarunsa da yawa yana wuce ƙofar nan, bai taɓa sanin akwai abin da ke kwana uku a ciki ba, balle shekara uku.

Tun daga ranar, duk gidan da na shiga tambaya biyu nake yi kafin in duba allo. Ta farko: wacce ce giyar gidan ta yau da kullum, wadda ma'aikata ke sha in sun tashi aiki? Ta biyu: wacce ce ba zan samu a kanti ba sai a nan? Na ga matasa da yawa suna shigowa da waya a hannu, suna duba manhajar da ake ba giya maki, su nemi wadda ta fi maki ko ta fi wuyar samu, su ɗauki hotonta. Ban ga laifinsu ba, amma a ganina suna tsallake abin da ya fi muhimmanci. Giyar da ake dafawa sau ɗaya don a burge mutane ba ta nuna hannun mai dahuwa kamar wadda yake maimaitawa kowane mako ba tare da ta canza ba.

A Brasserie de la Senne na fi ganin amfanin tambayar farko. Gida ne na zamani, tankokin ƙarfe masu sheƙi, a filin Tour & Taxis gefen hanyar ruwa. Yvan De Baets da Bernard Leboucq ne suka kafa shi, kuma da suka buɗe madafarsu a Molenbeek a 2010 sun zama cikin na farko da suka dawo da sabuwar dahuwa cikin Burasels. Yarinyar da ke zubawa ta miƙo mini Taras Boulba, mai ƙarfin kashi 4.5 kacal. Fara ce, busasshiya, ɗacin hof ya fito fili da ƙanshin ɗanyen ganye. Giya marar ƙarfi ta fi wuyar dafawa, domin ba zaƙi ko barasa da za su lulluɓe kuskure. Ta ba ni shawara in bi su daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, in bar Zinnebir ta biyo baya, in kuma ƙyale Jambe-de-Bois mai kashi 8 sai in da sauran wuri. Na nemi ƙaramin kofi, na sa ruwa da burodi da cuku a tsakani, na tsaya a ta biyu. Harshe yakan gaji da wuri, abin da ya biyo bayan gajiyarsa kuwa sha ne kawai, ɗanɗano ya riga ya ƙare.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata baƙo ya sani. A wata mashaya kusa da babban dandalin tsakiyar gari an kawo wa abokin kwas ɗina kriek, na taɓa a harshe, zaƙi ne zalla da ƙanshin alewa. Irin wannan an tace ta, an kashe ƙwayoyinta da zafi, an ƙara mata zaƙi, ba ta da haɗi da abin da na gani a ganga sai suna. Tun 1997 dokar Tarayyar Turai ta ware ta gargajiyar, don haka in ka ga an rubuta Oude Geuze ko Oude Kriek a jikin kwalba, wadda ta tsimu a ganga ta sake tashi a kwalba ce.

Garin Buruj ban daɗe ba, cunkoson 'yan yawon buɗe ido ya yi yawa. Gidan De Halve Maan yana hannun iyalin Maes tun 1856, a tsakiyar tsohon gari inda tituna ke da ƙunci da daɓen duwatsu. Da tankokin mota suka zama fitina ga unguwa, a 2016 suka shimfiɗa bututu mai tsawon fiye da kilomita 3 a ƙarƙashin ƙasa, yana kai giya daga madafa zuwa wurin ɗura kwalba a bayan gari, maimakon su kwashe dahuwar su bar gidan kakanninsu. A nan tambaya ta biyu ce ta yi aiki: Brugse Zot ana samunta ko'ina a ƙasar, amma wadda ba a tace ba sai a gidan. Ita na sha, mai gurɓi, mai laushi a baki.

A allon gidan akwai Straffe Hendrik, wata kashi 9, wata kashi 11. Ire-iren waɗannan masu nauyi sun yi yawa a Beljiyam, kuma da dama daga cikinsu sun samo salo ne daga gidajen 'yan zuhudu na Trappist, waɗanda biyar suka rage a ƙasar masu izinin sa tambarin Trappist a kwalba: Chimay, Orval, Rochefort, Westmalle da Westvleteren. Sharaɗin tambarin shi ne a dafa a cikin harabar gidan zuhudu, ƙarƙashin kulawar 'yan zuhudun, ribar kuma ta tafi ga riƙon gidan da taimakon mabuƙata. Giya ce mai kyau, amma tana da yaudara, domin zaƙi da ƙanshi kan ɓoye ƙarfinta, ƙarfinta ya kusa ninki biyu na wadda aka saba da ita a gida. Ni da na ga yadda goskolo, barasar nan mai ƙarfi, ya cinye samari a unguwannin Jos, wasu 'yan ajinmu ne, ba na wasa da lambar nan da ake rubutawa a jikin kwalba. Ita nake fara dubawa, kuma duk yawon nan a jirgin ƙasa da ƙafa na yi shi, ban taɓa sitiyari ba. Ga 'yan'uwa Musulmi da ke zuwa Turai kuma, ku lura: abin da aka rubuta wa marar barasa a can yana iya ɗauke da har kashi 0.5 cikin 100. Ta wannan gidan ma, Sportzot, kashi 0.4 ce. In ba 0.0 aka rubuta ba, akwai saura a ciki.

Wurin da na rufe yawon da shi shi ne ƙauyen Lot, kudu da Burasels, tafiyar 'yan mintoci a jirgin ƙasa cikin kwarin kogin Senne, inda nan ne asalin ƙasar lambik. Daga tasha kana iya takawa zuwa 3 Fonteinen. Gaston Debelder ya sayi mashayar da ke ɗauke da sunan a Beersel a 1953, yana sayen lambik daga masu dahuwa yana gaurayawa. Ɗansa Armand ya riƙe sana'ar a shekarun da kowa ke cewa ta mutu, daga baya ya fara dafa tasa. Ya rasu a 2022, waɗanda ya horar ne ke ci gaba.

Abin da ya kai ni can hatsi ne. Gidan ya haɗa kai da manoman yankin Pajottenland suna dawo da tsofaffin irin alkama da sha'ir da aka daina shukawa, ana kuma yanke farashi da manomi bisa abin da noman ya ci masa, ba bisa abin da kasuwar duniya ta faɗa ba. Haka ma ceri ɗin nan ƙanana masu tsami na Schaarbeek, waɗanda gine-gine suka cinye gonakinsu, suna bin gidajen mutane suna karɓar na bishiyoyin bayan gida, suna kuma dasa sababbi. Wannan ya taɓa ni, domin mu ma muna da labarin hatsi da giya. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, dole manyan kamfanoni suka koma kan dawa da masara, har lemon malt da kowa ke sha, Musulmi da Kirista, ya zama yana da dawar Arewa a cikinsa. Manomin kaura da farfara ya sami kasuwa, amma ta hannun dillalai, bai san inda buhunsa ya ƙare ba, mai saye ma bai san gonar ba. A Lot kuwa mai zuba giya yana iya gaya maka ƙauyen da alkamar kwalbar ta fito.

Saurayin da ya kula da ni ya kawo allo mai tsawo, kowace kwalba da lambar gaurayenta da kakar da aka dafa ta. Na yi masa tambayoyina biyu. Ya zuba mini Oude Geuze ta gidan a ƙaramin kofi, ya ce in fara da ita don in san ma'auninsu, sannan ya kawo lambik daga ganga wadda ba ta fita daga harabar. Tasu ta fi ta Cantillon laushi a bakina, tsamin bai kai can ba, ƙanshin katako ya fi fitowa. Tsakanin gidajen biyu bai fi kilomita goma ba, hatsi iri ɗaya, hanya iri ɗaya, amma ba za ka ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya ba.

Da ya ga ina rubutu a littafi ya tambaye ni daga ina. Na ba shi labarin jar dawa: yadda ake jiƙa ta, a shimfiɗa a lulluɓe ana yayyafa ruwa har ta tsira, a shanya a rana, a niƙa, a raba ruwa da tsaki, a bar kwaɓi ya kwana ya yi tsami, a sake tafasawa, a tace, dusar kuma ta tafi wurin dabbobi. Ya ajiye kwalbar hannunsa ya zauna. Maganar raba ruwan nan ta fi ɗaukar hankalinsa, sai da ya sa na zana masa a takarda. Ya tambaya ko zan iya aiko masa da kwalba ɗaya. Na ce ba za ta iso ba, domin burkutu da ranta ake shanta, tana cikin tashi, bayan 'yan kwanaki ta zama ruwan tsami, in kuma aka toshe ta a kwalba sai ta fasa. Ya ce to ashe sai dai shi ya je. Na ce ya bari sai bayan girbi, wajen Disamba, lokacin da sabuwar dawa ta shigo kuma hunturu ya sauka. Ya sauka Jos, ya kama hanyar Pankshin, ya tambayi ranar kasuwar ƙauyen da zai je, ya isa da hantsi kafin rana ta ƙara mata tsami, ya kuma nemi matar da randarta ke fara ƙarewa.